Ɓata daban, sata daban: abin da za ka nema a komisariya

Wanda katin ɗan ƙasarsa ya faɗi a kasuwar Tahoua da wanda aka fizge wa waya a kan kabu-kabu ƙofa ɗaya suke shiga a komisariya, wato ofishin ƴan sanda, amma ba takarda ɗaya suke nema ba. Rashin bambance su ne ke sa mutum ya yi ta sintiri a banza.

In ɓata ce, abin da za a yi maka shi ne takardar shaidar ɓata, wadda ma'aikatan ke kira déclaration de perte. Ka tafi da abin da zai nuna kai ne: kwafin katin da ya ɓace in ka taɓa yi, ko takardar haihuwa. Za a tambaye ka sunanka, na mahaifi da mahaifiya, abin da ya ɓace, a ina, kuma yaushe. Ka tambayi kuɗin tambur tun da farko, ka karɓi rasit kan abin da ka biya.

Kafin ka fito, ka duba sunanka harafi bayan harafi, ko ka ba wanda ya iya Faransanci ya duba maka. Nan matsala take ɓuya. Takardar haihuwa ta ce Mahamadou, sabuwar takarda ta ce Mohamed, ranar da ka je banki ko neman fasfo sai a ce mutum biyu ne. Gyara a gaban wanda ya rubuta ba ya cin lokaci, amma bayan an buga hatimi sai an sake sabon lale. Kuma wannan takarda ba kati ba ce. Da ita ake neman sabo, ita ce kuma kariyarka in wani ya yi rajistar layin waya da katinka.

Sata kuwa ƙara ake shigarwa. Jami'i zai rubuta bayaninka, kai kuma kada ka sa hannu sai an karanta maka. In waya ce, fara zuwa kamfanin layinka, Airtel ko Moov ko Zamani, a rufe layin saboda kuɗin da ke ciki. Sannan ka kai wa ƴan sanda lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar kanta, mai lambobi 15. Tana jikin kwalin wayar, kuma *#06# na fito da ita, shi ya sa ake so a rubuta ta tun wayar na hannu. In babur ne, lambar sasi da takardar ciniki ake nema. Da yawa sun sayi babur da baki kawai, ran da aka gano shi suka rasa hujjar da za su karɓe shi.

Wanda aka daka ya nemi ƴan sanda su tura shi wurin likita da takarda. Likita zai rubuta raunin da yawan kwanakin da ba zai iya aiki ba, kuma alƙali na duba waɗannan kwanaki. In jini na zuba, asibiti tukuna.

A haɗarin mota ko babur, lambar waya 17 ta ƴan sanda ce a Nijar, 18 ta ƴan kwana-kwana masu ɗaukar waɗanda suka ji ciwo. Kada a gusar da motocin kafin a zo a auna, don inshora da wannan rahoto take biya. In a wajen gari ne, kamar hanyar Konni, aikin jandarmomi ne.

In aka tsare ɗan'uwanka don bincike, ƙa'idar awa 48 ce, ƙari kuma sai da izinin mai gabatar da ƙara, kuma wanda aka tsare yana da damar kiran lauya. Rikicin bashi, gona ko gado kuwa ba komisariya ke yanke shi ba. A fara da mai unguwa ko hakimi, in sulhu ya gagara a je kotu.