Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa jirgin sama sashe-sashe

Ba a gina jirgin sama na zamani a wuri guda. Fiffike daban, gangar jiki gunduwa-gunduwa, injin da akwatunan lantarki kowanne da inda aka ƙera shi, sannan a kawo a haɗa. Sashe shi kaɗai bai cika ba da matsala ba, a mahaɗa ɓarna take ɓuya.

Kuskure mafi tsada shi ne barin mahaɗa babu mai ita. A 2006 Airbus mai ƙera jirage ta ɗanɗana kuɗarta a babban jirginta A380: injiniyoyinta na Hamburg a Jamus na zane da manhajar CATIA ta 4, na Toulouse a Faransa da ta 5, zanen bai zo daidai ba. Da aka zo jan wayoyin jirgin, masu tsawon kusan kilomita 500, sai wasu suka gaza kaiwa, aikin ya yi jinkirin kusan shekara biyu. Kowace mahaɗa a ba ta takarda guda mai ɗauke da awo, ƙarfin lantarki da wurin kowane rami, da mutum ɗaya mai sa hannu kafin a sauya komai.

Sai taruwar ƙananan kurakuran awo. Sassa biyar a jere, kowanne an yarje masa kaucewar milimita 0.2, giɓin na iya kai milimita 1 alhali kowanne ya ci gwaji. Kada a ɗaure noti da ƙarfi don rufe giɓin. Yin haka na kulle matsi a cikin ƙarfe, daga nan tsagewa ke farawa. A auna daga tushe guda, a cike da siririn falle daidai awon.

"Ai sun yi kama" magana ce mai haɗari. A 1990 gilashin gaban jirgin British Airways ya fice a sama, don 84 daga cikin noti 90 da aka ɗaura sun fi na ainihi siranta. Lambar kaya ake dubawa a kundin kamfani, ido ba ma'auni ba ne. Haka manhaja: jirgin soja A400M da ya faɗi a Seville ta Sipaniya a 2015, bayanan daidaita injin ne suka goge lokacin ɗora ta, uku cikin injina huɗu suka ƙi bin umarni.

Idan na'ura ta nuna matsala, kafin a cire akwatin lantarkin a duba soket da wayoyi. Sau da yawa fil ɗaya ne ya lanƙwashe, akwatin kuwa ƙalau yake.