Takwara Ba Ɗan'uwa Ba Ne: Yadda Ake Tantance Manyan Mutane Masu Suna Ɗaya

A Katsina in ka ce "Dikko" ka yi shiru, dattijo zai ɗauka Sarki Muhammadu Dikko kake nufi, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Matashi zai ɗauka gwamna ne, Dikko Umaru Raɗɗa, da ya hau kujera a 2023. Tsohon ɗan sanda kuwa M.D. Yusufu zai faɗo masa a rai, wato Muhammadu Dikko Yusufu, Sufeto Janar na 'yan sandan Najeriya daga 1975 zuwa 1979. A hira wannan ba komai ba ne, tambaya ɗaya ta warware. Amma ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, ko mai shirya tarihin wani gida, ko mai sa hoto da bayani a Facebook, in ya haɗa mutum biyu ya mai da su ɗaya, kuskuren kan yi ƙafa ya bi gari, wasu su kwafa, bayan shekara biyar a riƙa kafa hujja da shi.

Maganin abin shi ne kada a yarda da suna shi kaɗai. A ɗaure shi da turaku huɗu: zamani, uba, sarauta ko sana'a, da gari. A cikinsu zamani ne ya fi ƙarfi, don haka da shi ake farawa.

Kafin komai a sami littafin rubutu a ware wa kowane mutum shafinsa. A jera layi shida: sunan yanka, laƙabi ko inkiya, sunan uba, sarauta ko aiki tare da shekarar da ya kama, garin haihuwa da garin zama, shekarar haihuwa da ta rasuwa. Layin da ba a samu ba a bar shi fayau, kada a cike shi da zato. Duk labarin da aka ci karo da shi, kada a zuba shi a shafin mutum sai layi uku sun dace, kuma lallai ɗaya daga cikin ukun ya zama shekara. Labarin da bai cika wannan sharaɗi ba a ajiye shi a shafin ƙarshe har sai an sami mai shi.

Fara da shekara

Ɗauki Muhammadu Bello. A ƙarni na 19 kaɗai an yi manyan sarakuna aƙalla uku masu wannan suna. Akwai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, daga 1817 zuwa 1837. Akwai Sarkin Katsina Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaje, daga 1844 zuwa 1869. Akwai kuma Sarkin Kano Muhammadu Bello, wanda rasuwarsa a 1893 ta buɗe ƙofar yaƙin basasa tsakanin Tukur da Yusufu. To a ce ka sami takarda ta ce "a zamanin Bello aka yi kaza, shekara ta 1855". Na Sakkwato ya fita, don ya cika shekara 18 da rasuwa a lokacin. Na Kano bai hau ba tukuna. A cikin ukun nan, saura na Katsina. Ba ka buɗe wani babban littafi ba, lissafi kawai ya raba gardama.

Inda ake tuntuɓe shi ne tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami da shekarar Hijira suke aiki. Hanyar juyawa mai sauƙi ce: a ninka shekarar Hijira da 0.97, a ƙara 622. Misali 1253 sau 0.97 ya ba da 1215 da ɗoriya, a ƙara 622, an sami 1837, shekarar rasuwar Sarkin Musulmi Bello. Lissafin kan iya kaucewa da shekara ɗaya, gaba ko baya, saboda shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka, kuma farkonsu ba ya haɗuwa. Don raba takwarori wannan kaucewar ba ta cutarwa. Abin da ke cutarwa shi ne a ga 1253 a ɗauka ta Miladiyya ce, a jefa mutumin ƙarni na 19 cikin ƙarni na 13.

Akwai wata dabara da ta rataya a kan shekara, wato duba ko abin da aka ambata ya wanzu a lokacin. An ƙirƙiri Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987. Duk wanda aka ce ya yi "gwamnan Katsina" kafin nan, an yi kuskure: Lawal Kaita, alal misali, gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna ya yi a ƙarshen 1983. Haka hoto. Na'urar ɗaukar hoto ba ta fito wa duniya ba sai 1839, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Bello da shekara biyu, bayan ta Shehu da shekara 22. Saboda haka hotunan dattawa masu rawani da ke yawo a WhatsApp da sunan su biyun, na wasu bayin Allah ne daban. Sarki Dikko kuwa yana da hotuna na gaske, har da na tafiye-tafiyensa, don ya je Hajji a 1921 ya kuma ziyarci Ingila.

Sunan yanka da abin da ake kira

Nan ne aikin ya fi cin lokaci, domin Bahaushe ba kasafai yake kiran babba da sunan yankansa ba. Alkunya ta hana matar gida kiran sunan surukinta, don haka yaron da aka sa wa sunan kakansa sai ya tashi ana ce masa Abba, ko Baba, ko Maisuna. Kusan kowane babban suna kuma yana da inkiyarsa da ke tsaya masa: Shehu na Usman ne, Garba da Habu na Abubakar, Sanda da Faruku na Umaru, Iro na Ibrahim, Maitama na Yusufu, Mamman na Muhammadu. Lawal, Sani, Salisu, Rabi'u da Hamisu asalinsu lissafin Muhammadu ne a gida ɗaya, na farko har na biyar. Dikko shi kansa daga Fulatanci ya zo, ɗan fari namiji ake ce wa haka, na biyu kuma Sambo.

Wannan na jawo kuskure iri biyu masu kishiyantar juna. Na farko, a raba mutum ɗaya gida biyu, a buɗe wa "Usman" shafi a buɗe wa "Shehu" wani, alhali shi ne dai. Na biyu, a ga Dikko nan a ga Dikko can a ƙulla musu zumunta. Dakta Barau Dikko, likitan nan na Wusasa da asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa, mutumin Zariya ne. Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shagari, wanda aka tsinta cikin akwati a filin jirgin Stansted na Ingila a 1984, shi ma ba daga gidan sarautar Katsina ya fito ba. A lura da yadda sunansa yake na gwamna ne a juye: Umaru Dikko da Dikko Umaru. Injin bincike na intanet bai damu da wanne ya zo gaba ba, sai ya zubo maka su a kwano ɗaya. Ministan ya rasu a 2014, shekara tara kafin gwamnan ya hau, ka ga nan ma shekara ce ta fid da kai.

Suna na biyu a tsarinmu galibi na uba ne, ba na dangi ba, kuma yana sauka daga tsara zuwa tsara. Dubi gidan sarautar Katsina: Usman Nagogo (1944 zuwa 1981), ɗansa Muhammadu Kabir Usman (1981 zuwa 2008), jikansa Abdulmumini Kabir Usman daga 2008. Wanda ya rubuta "Sarki Kabir Usman" kawai ya bar mai karatu a tsakiyar hanya, tunda kalmomin biyu suna cikin sunan uba da na ɗa. Haka 'Yar'aduwa. Musa 'Yar'aduwa shi ne uba, ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko. Shehu Musa 'Yar'aduwa ɗansa ne, soja, mutum na biyu a gwamnatin Obasanjo daga 1976 zuwa 1979, ya rasu a gidan yarin Abakaliki a Disambar 1997. Umaru Musa 'Yar'aduwa ƙanen Shehu ne, malamin kimiyya, gwamna daga 1999 zuwa 2007, shugaban ƙasa har rasuwarsa ranar 5 ga Mayu, 2010. Jaridun waje kan yanke su ce "Musa 'Yar'aduwa" suna nufin Umaru. Kada a bi su.

Suna na ƙarshe kuma sau da yawa gari ne ko unguwa. 'Yar'aduwa unguwa ce a birnin Katsina. Kaita, Daura, Raɗɗa, Funtuwa, Malumfashi duk garuruwa ne, kuma al'adar liƙa su ta yi ƙarfi ne a makarantun boko na da, inda aji ɗaya kan tara Muhammadu biyar, sai malami ya bambanta su da inda suka fito. Mutum biyu masu "Daura" a ƙarshen suna, abin da ka tabbatar kawai shi ne gari ya haɗa su.

Sarauta tana da ranar naɗi

Sarauta turke ne mai kyau, da sharaɗin a tuna rawani yana daɗewa fiye da kan da ya ɗaura shi. Matawallen Katsina na iya zama Musa 'Yar'aduwa, yana iya zama ɗansa Umaru, don dukansu sun riƙe ta. Shehu kuwa Tafida ne. Shi ya sa a shafin mutum ba a rubuta sarauta tsirara, sai da shekarunta. Mutum ɗaya kuma kan tashi daga wannan sarauta zuwa waccan, tsohuwar ta koma kan wani.

"Sarkin Katsina" ma ba ɗaya ba ne. Bayan jihadi, zuriyar sarakunan Haɓe sun kafa Maraɗi suna riƙe da laƙabin, har yau ana cewa Sarkin Katsinan Maraɗi, ga kuma Sarkin Katsinan Gusau. Daura ta ga irin wannan rabuwa a ƙarni na 19, inda aka sami masu sarauta a birnin Daura da Zango da Ɓaure, kafin Turawa su dawo da Sarki Musa birni a farkon ƙarni na 20. Duk takardar wancan zamani da ta ce "Sarkin Daura", a tambaya a ina yake zaune.

Wani lokaci sunan mutum ne ke yin kama da sarauta. Ɗan Masani na Katsina waliyyi ne, malami, ya rasu a 1667, unguwar Masanawa na nan tana tuna shi. Ɗan Masanin Kano kuwa sarauta ce, wadda Yusuf Maitama Sule ya riƙe har rasuwarsa a 2017. Shekara 350 ke tsakaninsu. A littattafan Larabci kuma za a ga "al-Kashnawi", ma'ana Bakatsine; nisba ce, wato jingina mutum ga garinsu. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashnawi masanin lissafi ne da taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741. Abubakar bin Hasan al-Kashnawi malamin fiƙihun Malikiyya ne na ƙarni na 20, mai Ashalul Madarik. Ɗaliban zaure sun fi sanin na biyun, masu tarihin kimiyya sun fi sanin na farkon, kowa kuma in ya ji nisbar nasa yake zato.

Gwaji a kan suna ɗaya: Muhammadu Buhari

Shafi huɗu za a buɗe. Na farko Imam Buhari mai Sahihi, Muhammad bin Isma'il, an haife shi a Bukhara a 194 Hijira, ya rasu a 256, wato 810 zuwa 870 in aka bi lissafin da ya gabata. A wurinsa Buhari nisbar gari ce, daga baya ta zama sunan da iyaye ke raɗa wa 'ya'ya don neman albarka. Na biyu Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, malami mai waƙoƙin Larabci, wanda zuriyarsa ke sarautar Tambuwal. Na uku Sarkin Haɗeja Buhari, mayaƙin da ya bijire wa Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, ya rasu a 1863. Na huɗu ɗan Daura, an haife shi ranar 17 ga Disamba, 1942, shugaban mulkin soja daga ƙarshen 1983 zuwa Agustan 1985, zaɓaɓɓen shugaban ƙasa daga 2015 zuwa 2023, ya rasu a Landan a Yulin 2025 aka rufe shi a Daura.

Na farko da na huɗu babu mai haɗa su. Haɗarin yana tsakanin na biyu da na uku, don ƙarni ɗaya ne, daula ɗaya ce. Nan shekara ba ta isa ita kaɗai ba, sai a koma kan uba da gari: in labarin ya ambaci Tambuwal ko gidan Shehu, na biyu ne, in ya ambaci Haɗeja da yaƙi da dakarun Sarkin Musulmi, na uku ne.

Wajen bincike a intanet, a sa suna cikin alamar zance a haɗa da sarauta ko shekara, a kuma gwada rubutu daban-daban: Umaru, Ummaru, Umar, da Oumarou irin na Nijar, Yar'adua da 'Yar'aduwa, Dallaje da Dallaji. Shafi goma da suka faɗi abu ɗaya da kalmomi iri ɗaya shaida ɗaya ce, kwafar juna suka yi. In abin ya cije, akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House a Kaduna, akwai gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha.

In za a tambayi dattijon fada ko maroƙi, kada a ce "Baba, Bello ne ya yi kaza?", don sai ya ce "shi ne" alhali wani Bellon yake nufi. A ce, "Allah shi daɗe da ranka, wannan Bellon ɗan wa ne? Wa ya gada, wa ya gaje shi?" Jerin gadon sarauta ya fi zama a kan irin waɗannan mutane fiye da shekaru, kuma kirari ba ya cika rikicewa, kowane sarki da nasa. A rubuta kirarin yadda aka faɗe shi, a sa ranar hirar a gefe, sannan a dawo gida a auna jerin da shekarun da ke cikin littafin.