Kurakuran sababbin masu fatsar kifin tirawut a Kogin Misuri

Kwale-kwalen da ake gangara Kogin Misuri da shi, daga madatsar ruwa ta Holter zuwa garin Craig a jihar Montana ta Amurka, mutum uku yake ɗauka: jagora a tsakiya yana tuƙi, mai fatsa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Don haka duk shirmen da sabon shiga ya tafka, da abokin zamansa ake rabawa. Ni kam na gaji da wannan rabon.

Babban kuskure shi ne ɗaukar cewa nisan jifa ne gwaninta. A wannan fatsar babu koto. Ƙugiya ce aka naɗe da gashin tsuntsu da zare ta yi kama da ƙwaron da kifin ke ci, aikinka kuwa ka sa ta tafi da ruwa kamar babu abin da ke riƙe da ita. To amma gudun ruwa ba ɗaya ba ne daga gaɓa zuwa tsakiya. Idan zarenka ya kwanta kan ruwa mai sauri, ƙwaron kuma yana kan mai nawa, zaren zai yi ciki ya fizge shi, sai ka ga yana tsaga ruwa. Tirawut ɗin nan sun ga ƙugiya har sun gaji, da sun ga haka sai su nutse. Maganin: ƙwaro na sauka, ɗaga bakin sanda ka juya zaren ya koma sama, wajen da ruwa ke fitowa. Ni nan take nake yi, ba na jira jagora ya yi magana, kuma gara in yi gajeren jifa mai tsafta da in yi dogo wanda ba zan iya sarrafa shi ba.

Na biyu shi ne wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci. Ƙugiya tana da ɗan haƙori da ke hana ta fita. A matse shi da filaya kafin a ɗaura ta! An taɓa haɗa ni da wani bawan Allah, jagora ya ce ya matse, ya ce ai kifi zai kuɓuce. Ga iska ta taso, shi kuma sai kaɗa zare yake a sama, gaba da baya, ba ya ko waiwaye. Kafin hantsi ƙugiyarsa tana cikin kunnena. Da babu haƙorin, zare ta kawai za a yi mu ci gaba. Maimakon haka sai asibiti, ɗaruruwan dalolin da na biya na yinin suka tafi a banza. Malam, kifin ba a iska yake ba. Kaɗa sau ɗaya ko biyu ka ajiye, ka kuma duba bayanka. Tun daga ranar ba na shiga kwale-kwale sai da hula da tabarau, ko da hadari ya rufe rana, kuma da kaina nake duba ƙugiyar maƙwabcina. Mai jin haushi ya ji.

In kifi ya kama, kada ka fizga kamar mai jan guga. Silin da ke bakin zaren siriri ne ƙwarai, ɗaga sanda kawai ya isa. In ya ruga, sakar masa.

Lasisi kuwa a saye shi tun daren jiya, kada a tsayar da mutane a bakin ruwa. Masu zarcewa gandun daji na Yellowstone su sani an hana takalmin shiga ruwa mai tafin ulu tun 2018. In jagora ya ce ka jefa hagu, jefa hagu, shi ya wuni a kogin jiya.

Sai masu son hoto. Jiƙa hannunka kafin ka taɓa kifi, don busasshen hannu yana goge yauƙin da ke kare jikinsa. Bar shi cikin raga a ruwa har mai ɗauka ya shirya, ɗaga shi ɗan lokaci, mayar. A tsakiyar bazarar Montana abin ya fi tsanani: idan zafin ruwa ya kai digiri 73 a ma'aunin Faranhait kwana uku a jere, hukumar kula da kifi ta jihar kan hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare a kogin da abin ya shafa. Ni ba na jiran sanarwa. Ina yawo da ɗan ma'aunin zafi a aljihu, da ya nuna 68 sai in naɗe zarena.