Yadda ake haɗa piyano da kwamfuta don koyon kiɗa ba tare da sauti ya makara ba

Kafin ka tafi Katako ko Babbar Kasuwa sayen wayar haɗa piyano da kwamfuta, juya piyanonka ka dubi bayansa. Ramukan da ke nan su ne za su gaya maka abin da za ka saya. Masu koyo da yawa a Yamai sukan fara sayen wayar, su zo gida su tarar babu ramin da za ta shiga.

Idan ka ga rami mai kusurwa huɗu an rubuta USB TO HOST a kansa, kamar yadda yake a Yamaha PSR-E363, E373 ko E463, to wayar firinta kake bukata, mai kan A a gefe guda da kan B a ɗaya gefen. Ka ce wa mai shago kabul na imprimante, zai gane. Kada ta kai mita 3, kuma kada ka karɓi mai shuɗin baki ta USB 3.0, don Yamaha da kansu sun hana amfani da ita. Ramin da aka rubuta USB TO DEVICE na kile ne, kada ka sa wayar kwamfuta a ciki. Ƙananan Casio irin CT-S300 kuwa ƙaramin rami gare su irin na cajar tsofaffin wayoyin Android, sai dai ka tabbata wayar da ka samu tana ɗaukar bayanai, don wasu caji kaɗai suke yi.

Tsofaffin piyano, waɗanda ake kawowa na hannu daga Turai, ramuka biyu zagayayyu gare su masu ƙananan huji biyar-biyar, MIDI IN da MIDI OUT (MIDI ita ce hanyar da piyano ke aika labarin maɓallan da aka danna). Waɗannan sai da waya mai ɗan akwati a tsakiya, wadda ke juya MIDI zuwa USB. Kan da aka rubuta IN yana shiga ramin OUT na piyano, na OUT kuma ya shiga IN. Haka ne, a gicciye. Roland UM-ONE ce ta sauƙaƙa abin, ta rubuta a jikin kowane kai ramin da zai shiga. Masu arha marasa suna ban ba ka shawarar su ba: ka danna maɓalli uku tare ɗaya ya ɓace, ko sauti ya maƙale yana ta kuka bayan ka ɗaga yatsa. Arha ba ta ado.

Sai maganar wuta. Wutarmu 220 ce. Karanta jikin cajar piyanon: in an rubuta 100-240V babu damuwa, in 120V kaɗai ka gani to kayan Amurka ne, kana sa shi zai ƙone. In cajar ta ɓace kada ka ɗauki kowace don bakinta ya shiga. Ƙananan Yamaha 12V suke ci, sababbin Casio 9.5V, tsofaffin Casio masu 9V kuma ƙarfen tsakiyar bakinsu a juye yake da na Yamaha.

Yanzu haɗawa. Rage ƙarar piyano, kashe shi, sa wayar a piyano sannan a kwamfuta kai tsaye ba ta akwatin raba ramuka ba, sai ka kunna piyanon. Ka ba Windows ɗan lokaci. Buɗe Gestionnaire de périphériques, duba ƙarƙashin Contrôleurs audio, vidéo et jeu, za ka ga sabon suna, a Yamaha yawanci Digital Keyboard. In ka cire wayar, ƙirga shida kafin ka mayar. Yawancin piyanon yanzu ba su bukatar direba, wato ɗan shirin da ke sa Windows ta gane na'ura, don MIDI, amma in naka ya ƙi fitowa, sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, ba daga kilen mai gyara ba.

A nan ne mutum zai danna maɓalli, ya kasa kunne ga kwamfuta, ya ji shiru, ya ce waya ta lalace. Wayar lafiyarta lau. MIDI, tun da aka fito da shi a 1983, ba ya ɗaukar sauti. Labari yake kaiwa: an danna maɓalli lamba 60, wato Do na tsakiya, da ƙarfi kaza cikin ma'aunin da ya tsaya a 127, an sake shi lokaci kaza. Dole a sami shiri a kwamfuta da zai karɓi labarin. Don gwaji shirin MIDI-OX ya isa, kyauta ne kuma ba ya cin forfe: zaɓi piyanonka a cikinsa, danna maɓalli, in layukan lambobi suna gudu to an haɗu. Ka rufe shi kafin ka buɗe wani shirin, don a Windows da yawa shiri ɗaya ne ke iya riƙe piyano a lokaci guda, na biyun zai ce bai ga komai ba.

Babbar matsalar, wadda ke sa mutane naɗe waya su jefa a akwati, ita ce makarar sauti. Ka danna, sai bayan ɗan lokaci sautin ya fito. Mai koyo ba ya gane laifin na'ura ne, sai ya riƙa danna maɓalli da wuri don ya cim ma kiɗan, hannunsa ya saba da hakan. Ranar da ya zauna da mai ganga da mai gita a wurin biki, sai ga shi kullum yana gaba da su. Gyaran wannan ɗabi'ar ya fi koyon farko wuya.

Wayar MIDI ba ita ke kawo jinkirin ba. Yana faruwa ne a cikin kwamfuta, wurin da take ƙera sautin ta kai shi lasifika. Windows tana da nata makaɗin da ake kira Microsoft GS Wavetable Synth, shirye-shirye da yawa shi suke ɗauka da kansu, kuma shi ne sarkin makara.

Hanya mafi sauƙi, kuma ita nake so kowane mai koyo ya bi a watanninsa na farko: kada ka saurari kwamfuta sam. Ka bar sauti ya fito daga piyanon kansa, kwamfuta ta zama allo kawai. A Synthesia, shirin nan da sanduna ke gangarowa suna nuna maka maɓallin da za ka danna, shiga Settings, sannan Music Devices, ka zaɓi piyanonka a wurin shiga, ka sake zaɓarsa a wurin fita, ka kashe makaɗin Windows. Yanzu kiɗan rakiya ma daga lasifikar piyano zai fito, naka sautin kuma yana fita nan take. In ka ji kowane maɓalli yana fita biyu-biyu, da wani amo kamar ana magana ta hanci, shirin ne ke maido maka da abin da ka danna. Ka hana shi maidowa, ko ka shiga FUNCTION a piyano ka nemi Local, wato abin da ke haɗa maɓallan piyano da sautinsa kai tsaye, ka sa shi OFF. Amma ka riƙe wannan: Local yana OFF, ka cire waya, piyano zai yi gum. An sha kai piyano lafiyayye wurin mai gyara a kan wannan.

In kuwa sautin piyanonka bai yi maka ba, kana son na kwamfuta, to sai da direban ASIO, mai rage jinkirin sauti. Wanda ba shi da akwatin sauti na waje ya sauke ASIO4ALL, kyauta ne. A cikin shirin da kake kiɗa da shi, Reaper ko wani mai karɓar ASIO, akwai lamba da ake kira buffer, wato yawan gutsattsarin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sake su. Lissafin a fili yake. A kan gutsattsari 44,100 cikin daƙiƙa, 1024 yana ba da jinkirin kusan kashi 23 cikin dubu na daƙiƙa, 512 kusan 12, 256 kusan 6, 128 kusan 3, ban da ɗan abin da na'urar ke ƙarawa. Sauti yana tafiyar kusan santimita 34 a kashi ɗaya, ke nan kashi 10 kamar ka tsaya mita uku da ƴan kai ne daga lasifika. Wannan yatsa na jure shi. Ya haura 20, za ka ji hannu da kunne sun rabu.

Fara da 256. In sauti ya fita sumul, sauka 128. In ka ji ƙas-ƙas kamar ana soya ƙosai, kwamfutar ce ta kasa, koma sama. Kafin ka koma, gwada abu uku: sa caja, don kwamfutar hannu tana rage gudunta a kan batir; rufe Chrome da duk abin da ke buɗe; ɗaga ta daga kan katifa ko darduma. A zafin Afrilu da Mayu na Yamai, da ƙurar hunturu da ta toshe fankarta tun watannin baya, kwamfuta kan yi zafi ta rage gudu da kanta, sai lambar da ta yi aiki da asuba ta ƙi yi da azahar. A busa ƙurar, a sa ta gaban fanka. Ka sani kuma ASIO4ALL yakan riƙe sautin kwamfutar shi kaɗai, darasin YouTube zai yi shiru muddin shirin kiɗan yana buɗe. Kalli darasin a wayar hannu.

Abin kunne ko bafil na Bluetooth kuwa, ajiye shi. Jinkirinsa yakan wuce kashi 100 cikin dubu na daƙiƙa, babu lambar da za ta gyara wannan. Mai waya kaɗai. Ramin PHONES na yawancin Yamaha babba ne, milimita 6.35, sai ka sayi ɗan kan da ke juya ƙaramin baki zuwa babba, ba shi da tsada.

In ka haɗa piyano da bafil ka ji wani zuuu ba ya yankewa, cire cajar kwamfuta ka saurara. In ya tsaya, wutar ce: sa piyano da kwamfuta da bafil a ralonji ɗaya, ko ka yi atisaye a kan batir in bai yi ƙas-ƙas ba. Lokacin ɗauke wuta da maidowa, regilater ya fi sayen sabon piyano arha, ƙananan kuma suna aiki da pil shida.

Sauran mai sauƙi ne. Kunna metronom, mai ƙirga maka bugun kiɗa, fara a bugu 60 cikin minti, ɗauki abin da ka kaɗa a Reaper, buɗe shi ka ga inda sandunan suka kauce wa layi, nan hannunka ke gaggawa. Mai son ganin rubutun kiɗa ya sauke MuseScore. In ka tashi cin abinci ka dawo ka tarar shiri ya daina ji, piyanon ne ya kashe kansa, Yamaha da yawa na yin haka bayan minti 30 in ba a taɓa shi ba. Kunna shi, rufe shirin ka sake buɗewa, sannan ka shiga FUNCTION ka kashe AutoOff. Wanda ba shi da kwamfuta, wayar hannu ta Android na yin aikin, in ya samu ɗan kan OTG da ke haɗa ta da wannan wayar firintar.