Yadda Ake Aikin Kula da Matasa a Gidan Kwana: Jagora ga Mai Shirin Kama Aikin a Kumasi

A Kumasi da kewayenta akwai wurare da dama da samari da 'yan mata ke kwana nesa da iyayensu. Akwai ɗakunan kwanan makarantun sakandare, waɗanda suka ƙara cika tun da aka soma karatun sakandare kyauta a watan Satumbar 2017, akwai makarantun haddar Alƙur'ani masu kwana, akwai gidajen marayu, sannan akwai gidajen da ƙungiyoyi ke buɗewa domin koyar da sana'a ga 'yan matan da suka zo daga Arewacin Ghana suna dako a kasuwar Kejetia. Kowane ɗaya daga cikin wuraren nan yana buƙatar babban mutum, namiji ko mace, da zai zauna a cikin gidan dare da rana. Matasanmu na Aboabo da Asawase da Sawaba sukan karɓi aikin saboda ana ba da ɗaki da abinci, kuma wannan dalili ne mai kyau, sai dai amanar da ke cikin aikin ta fi ɗakin da abincin nauyi nesa ba kusa ba.

Kafin ka karɓi makulli

Fara da binciken gidan kansa. Dokar Yara ta Ghana ta 1998, mai lamba 560, ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma gidan renon yara sai da amincewar hukuma yake aiki, a ƙarƙashin sa idon Sashen Jin Daɗin Jama'a. Ka nemi ganin takardar izinin gidan, ko rajistar makarantar idan makaranta ce. Idan su ma suka nemi takardar shaidar 'yan sanda cewa ba ka da tarihin laifi, da sunayen mutanen da za su tsaya maka, kada ranka ya ɓaci. Gidan da ya miƙa maka yara ba tare da ya tambayi ko kai wane ne ba, haka zai miƙa su ga wanda bai kamata ba.

Daga nan sai yarjejeniya. Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta tanadi a rubuta yarjejeniyar duk aikin da zai kai wata shida ko fiye, ta sa sa'o'in aiki takwas a rana ko 40 a mako, da hutun sa'o'i 48 a jere a kowane mako, da hutun shekara da bai gaza kwanakin aiki 15 ba. Mai kwana a wurin aiki shi ya fi kowa buƙatar sanin wannan, domin idan ba a fayyace ba, za a ɗauka cewa muddin kana cikin gida kana bakin aiki. Ka tambaya a rubuta maka wane dare ne naka, wa zai karɓe ka ranar hutu, yara nawa ne a hannunka, da ko za a riƙa biya maka kuɗin SSNIT, wato asusun fansho na ma'aikata, inda ake cire kashi 5.5 cikin ɗari daga albashinka, mai gidan aiki ya ƙara kashi 13. Ka kuma je ka ga ɗakin da idonka: ya zama yana da ƙofa mai kulle, yana kusa da yaran yadda za ka ji motsinsu, amma banɗakinka daban da nasu.

Makonnin farko

Kada ka shigo da sababbin dokoki a makon farko. Ka haddace sunaye, ka karanta fayil ɗin kowane yaro, ka san mai sikila da mai asma da mai farfaɗiya, ka san wanda katinsa na inshorar lafiya ya ƙare domin a sabunta shi kafin ciwo ya zo, ka kuma san wanda aka yarda ya zo ya ɗauki kowane yaro. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a Zango, inda kowa kawu ne ko gwaggo. Duk wanda sunansa ba ya cikin takarda, ko da ka san shi a masallaci, ka gaishe shi da girmamawa, ka ce: "Alhaji, a yi haƙuri, sai shugaban gida ya sa hannu." Ba a fitar da yaro sai da takardar izinin fita mai ɗauke da lokacin tafiya da na dawowa.

Yaran za su gwada ka, kuma ba don ƙiyayya ba. Suna so su san ko maganarka ta safe ita ce ta yamma. Saboda haka kada ka yi alkawarin da ba ka da ikon cikawa, kada kuma ka yi barazanar da ba za ka aiwatar ba. Tsarin yini shi ne rabin aikin: tashi da asuba, shara da wanka, koko da ƙosai ko shayi, makaranta, abincin dare, bitar karatu, kashe fitila. Ka ƙirga yara da suna safe da dare, ba da kallon gadaje ba, domin matashin kai a ƙarƙashin bargo ya sha yaudarar masu gadi.

A gida ɗaya za ka iya samun mai jin Hausa da mai jin Twi da mai jin Dagombanci ko Farfaranci, Musulmi da Kirista. Idan ka saba hira da Hausa da 'yan unguwarku kaɗai, sauran za su ƙirga ka a ɓangare guda tun kafin ka yi wani laifi. A ba da sanarwa da harshen da kowa ke ji. A watan azumi ka shirya sahur da buɗa-baki tare da masu kicin tun da wuri, ka kuma tabbatar marasa azumi sun ci abincinsu ba tare da an harare su ba.

Kusanci ba tare da ɓoye-ɓoye ba

A nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan ne mutanen kirki ma suke zamewa. Yaran nan suna buƙatar wanda zai saurare su, wasu marayu ne, wasu sun gudo daga wahala, kuma za su manne wa duk wanda ya nuna musu tausayi. Ka nuna tausayin, amma ka riƙe ƙa'ida guda: duk abin da za ka yi da yaro, ya zama abin da za ka iya yi a gaban abokin aikinka kuma ka rubuta shi a littafin gida, wato littafin da ake rubuta abin da ya faru kullum. Yaro ba ya shiga ɗakinka, ko don ya share ko don ya kawo maka ruwa. Idan yana son magana ta sirri, ku zauna a baranda ko ofis da ƙofa a buɗe, inda ana ganinku amma ba a jin abin da kuke faɗa. Namiji ba ya shiga ɗakin kwanan mata shi kaɗai, kuma kowa yakan yi sallama ya jira kafin ya shiga inda ake sa tufafi. Kada ka riƙa tura wa yaro saƙo ta wayarka a WhatsApp, kada ka tura masa kuɗi ta MoMo, wato ta waya, a asirce, kada ka ɗauki hotonsa ka sa a Facebook, ko da niyyar neman taimako ce. Idan akwai yaron da ba shi da sabulu ko audugar mata, a biya masa buƙatar ta hanyar ofis.

A al'adarmu aiken yaro tarbiyya ce, kuma ban ga laifinta a gida ba. Amma a gidan kwana, yaron da yake wanke maka kaya kullum ya zama ɗan lele a idon saura, kuma shi kansa ya rasa bakin da zai kai ƙararka idan ka zalunce shi. Ka wanke kayanka da kanka.

Wata rana yaro zai zo ya ce: "Malam, zan faɗa maka wani abu, amma ka rantse ba za ka gaya wa kowa ba." Kada ka rantse. Ka ce masa: "Zan saurare ka, ba zan baza maganarka ba, amma idan wani yana cutar da kai dole in sanar da wanda zai iya kare ka." Sannan ka yi shiru ka saurara. Kada ka yi salati da ƙarfi ko ka nuna firgici, kada ka tambaye shi me ya sa bai faɗa da wuri ba, kada ka sa masa magana a baki. Da kun rabu, rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, da rana da lokaci, ka kai wa shugaban gida a ranar. Dokar Yara ta ɗora wa duk mai labarin cin zarafin yaro nauyin sanar da Sashen Jin Daɗin Jama'a, kuma 'yan sanda suna da sashen DOVVSU, mai kula da cin zarafi a cikin gida da taimakon waɗanda aka zalunta, domin irin waɗannan ƙararraki. Idan wanda ake zargi shi ne shugaban, ka wuce kai tsaye zuwa ga hukuma. Za a zo maka da maganar rufin asiri da sulhu a gida, watakila daga bakin dattawan da kake jin nauyinsu. Rufin asiri na gaskiya shi ne ka ɓoye sunan yaron daga masu tsegumi. Ɓoye laifin daga hukuma kuwa barin mai laifi ne ya koma kan wani yaron.

Horo

Hukumar Ilimi ta Ghana ta hana duka a makarantu tun 2017, kuma ko ba don doka ba, bulala a gidan kwana tana sauka ƙasa: wanda ka doka da rana shi zai doki ƙaramin ɗalibi da dare. Horon da ke aiki shi ne wanda ya dace da laifin, aka san da shi tun farko, aka kuma yi shi bayan fushi ya huce. Wanda ya ɓata wuri ya gyara, wanda ya makara ya rasa lokacin kallon ƙwallo. Ba a horo da hana abinci, ko hana barci, ko kulle yaro a ɗaki, ko tozarta shi a gaban taro da asalinsa ko fitsarin kwance. Idan biyu suna faɗa, ka kira wani babba, ka janye 'yan kallo, ka raba su, ka bar shari'ar zuwa lokacin da numfashi ya daidaita. Ka kuma sa ido kan manyan ɗalibai da aka ba shugabanci, domin yawancin cin zalin sababbin shiga, da ƙwace musu gari da suga da shito (miyar barkono) daga akwatinsu, bayan kashe fitila ake yin sa.

Dare da rashin lafiya

Ka ajiye tocila da waya mai caji da kuɗin tasi a wuri ɗaya, saboda wutar lantarki ba ta ba da sanarwa kafin ta ɗauke. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Kada a taɓa kulle ƙofar ɗakin kwana da kwaɗo ta waje, kuma ka hana kyandir da haɗa waya ta ɓarauniyar hanya domin cajin waya ko dafa ruwa, musamman lokacin hunturu da komai ya bushe.

Zazzaɓi ba a yi masa hasashe. A kai yaro a gwada jininsa kafin a ba shi maganin cizon sauro. Duk magani yana zama a kulle a wurinka, ana rubuta wanda ya sha da lokacin da ya sha. Idan yara da dama suka kwanta da zazzaɓi iri ɗaya cikin kwana biyu ko uku, ka sanar da jami'an lafiya nan take. Mutanen Asokore Mampong ba su manta da ƙarshen 2017 ba, lokacin da murar H1N1 ta ɓarke a makarantar Kumasi Academy da ke yankinsu har aka rasa rayukan ɗalibai. Zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya ko ruɗewa na asibiti ne a daren, ba na jiran safiya ba. Mai farfaɗiya idan ta tashi, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a sa masa cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe idan jijjigar ta lafa, a kuma nemi asibiti idan ta wuce minti biyar. Yarinya ta faɗi ana cewa aljanu ne, ba mai hana addu'a, amma a yi ta a kan hanyar zuwa wurin likita.

Ka lura da wanda ya daina cin abinci, ya daina wasa, ko ya soma maganar gajiya da rayuwa. Ka tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a haɗa shi da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Haka ma wanda ka gani da tiramadol ko ya faɗa cacar waya, kora kaɗai ba ta warkar da shi. Yarinyar da ta sami ciki kuwa, tun 2018 hukumar ilimi ta fitar da ƙa'idar da ta ba ta damar ci gaba da karatu da komawa aji bayan haihuwa, don haka aikinki, ke mai kula da ita, shi ne kai ta awo da kare ta daga gori.

Littafin gida da lafiyar kanka

Kowane dare ka rubuta abin da ya faru a taƙaice: wa ya yi ciwo, wa ya fita, wa suka yi faɗa, me aka yi. Rubuta abin da ka gani da abin da ka ji, ban da zato. "Bai ci abincin dare ba, ya yi kuka bayan ya yi waya da gida" ya fi "yana da taurin kai" amfani ga wanda zai karɓe ka. Littafin ne kuma zai tsaya maka ranar da aka yi maka ƙazafi.

Ranar hutunka ka fita daga gidan gaba ɗaya, ka je wurin iyalinka, domin idan ka zauna a ɗaki za a ƙwanƙwasa. Idan ka ga ka soma yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ba, ko barci ya ƙaurace maka, ka gaya wa shugabanka ka nemi a sauya maka dare kafin abin ya kai ga hannu. In kuma lokacin barin aiki ya yi, ka ba da sanarwa bisa yarjejeniya, ka miƙa makullai da magunguna da littafin gida a rubuce, sannan ka gaya wa yaran da bakinka makonni kafin ranar, tare da gabatar musu da wanda zai gaje ka, domin da yawa daga cikinsu sun taɓa wayar gari suka tarar babban da suka dogara da shi ya tafi ba sallama.