Yadda Ake Saƙar Sakiori da Tsofaffin Tufafi

Sakiori saƙa ce ta ƙasar Japan da ake yi da tsumma, kuma ta bunƙasa ne a zamanin Edo (1603 zuwa 1868) a yankin Tohoku da ke arewacin ƙasar, inda tsananin sanyi ya hana noman auduga. Jiragen ruwa na fatake ne ke kai wa mutanen yankin tsofaffin tufafin auduga daga wajen Osaka, su kuwa sai su sa har su lalace, sannan su yayyaga su sake saƙawa. Har yanzu ana wannan saƙa a lardin Aomori.

Aikin yana farawa ne daga zaɓen ƙyalle. A nemi na auduga zalla wanda ya sha wanki ya yi laushi, domin sabon yadi tauri gare shi, ba ya kwanciya a masaƙa. Idan za a rina, to a yi rinin kafin a yaga. Masaƙan Japan sun fi amfani da baba, wanda mafi shahararsa daga lardin Tokushima yake fitowa, inda ake ruɓar da busasshen ganyen wajen kwana 100 kafin a haɗa shi da ruwan toka. Wanda ya taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano zai gane aikin: a tsoma ƙyallen, a matse, a shanya a iska har korensa ya juye shuɗi, a maimaita gwargwadon duhun da ake so.

Yagar ita ce ta fi bukatar natsuwa. Ana bin tsawon ƙyallen, faɗin kowane zirin kada ya wuce santimita 1, kuma ba a yagawa har ƙarshe. Sai a bar ɗan gefe a juyo a sake yagowa, ta yadda ƙyallen duka zai zama igiya guda doguwa da za a naɗe ta dunƙule. A ganina yaga da hannu ta fi yanka da almakashi, saboda gezar da take bari ita ce ke sa saƙar ta kama juna ta yi taushi.

Daga nan sai a yi wadari, wato a jera zaren tsaye a masaƙa, da zaren auduga mai ƙarfi. A fara da 'yan layuka na zare tsantsa don baki ya kamu, sannan a ɗaura tsumman a ƙoshiya, wato itacen da ke ratsawa da shi ta tsakanin zaren tsaye. Bayan kowace wucewa a buga sosai, kuma kada a ja igiyar da ƙarfi a gefe, in ba haka ba saƙar za ta tsuke. Idan igiya ta ƙare ba a ƙulli, ɗora bakin sabuwar ake yi a kan tsohuwar a buga su tare.

A tanadi tsumma mai yawa, domin abin da zai fito bai kai faɗin ƙyallen asali ba ko kusa, sai dai ya fi shi kauri ƙwarai. Shi ya sa mutanen Tohoku suka riƙa yin rigunan aiki da ɗamara da mayafin teburin ɗumama ɗaki da ita. Mai koyo ya fara da ƙaramar shimfiɗar tebur, ya rufe da layukan zare kamar yadda ya fara, ya ƙulle zaren tsaye bibbiyu.