Darasi na 9: Sake zuba wa tsohuwar kwamfuta sistam daga tushe

Sistam shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows ko Linux. Idan ya tsufa ko ƙwayoyin cuta sun shige shi, sai na'ura ta yi nauyi, ta riƙa tsayawa, wani lokaci ta ƙi tashi gaba ɗaya. Maganin shi ne a share diski tas a zuba sabo, abin da masu gyara a kasuwa ke kira format. Zubawar ba ta da wuya, awa ɗaya ko biyu ta isa. Asarar da ake yi, kusan duka a wajen shiri take faruwa, shi ya sa za mu daɗe a kansa.

Kafin ku taɓa komai

Format ba ya barin komai. Hotunan biki, lissafin shago, takardun makarantar yara, duk za su tafi, kuma dawo da su aiki ne mai tsada wanda ba kullum yake yiwuwa ba. Ku kwashe su zuwa wani kile, wato ƙaramar ma'ajiyar da ake sokawa a kafar USB, ko diski na waje. Ku duba Bureau, Documents, Images da Téléchargements, domin can mutane suka fi mantawa da kaya. Bayan kun kwafa, ku kai kilen wata na'ura ku buɗe fayil biyar ko shida da idonku. Akwai kile na jabu da ke nuna jiga 64 alhali cikinsa bai kai haka ba: yana karɓar kaya kamar gaske, ranar da aka nema a tarar babu. Ku rubuta lambobin sirrinku na imel da Facebook a takarda, don na'urar ba za ta tuna da su ba.

Idan na'urar ta wani ce, ku zauna da mai ita ku tambaye shi: "Alhaji, akwai abin da ke ciki wanda babu shi a wani wuri?" Kada ku share sai ya gani ya amince.

Sannan ku tabbata ciwon na sistam ne. Diskin da ke ƙara ƙas-ƙas ya kusa mutuwa, sabon sistam ba zai cece shi ba. A canja shi da SSD, sabon nau'in diski mai sauri, mai inci 2.5, irin na SATA. A ganinmu babu kuɗin da ya fi wannan amfani a kan tsohuwar na'ura. Wadda kuma ke mutuwa da kanta bayan ta yi zafi, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe fankarta. A busa ta tukuna, musamman in za a yi aikin a zafin Afrilu da Mayu.

Wane sistam za a zuba?

Ku duba ram ɗin na'urar, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da take yi a lokacin. Windows 11 yana neman ram jiga 4, diski jiga 64, da wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, kuma yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharuɗɗansa ba. Windows 10 yana tashi da jiga 2, amma da jan ƙafa. Sai da jiga 4 yake numfashi. Kamfanin Microsoft ya daina ba shi gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 7 kuwa tun Janairu 2020. Duk wanda zai shiga intanet ya yi harkar kuɗi, kada ya koma wa Windows 7, komai son da yake masa. Na'ura mai ram jiga 2 zuwa 4 da ake so don rubutu, intanet da kallo, Linux Mint irin na Xfce ya fi dacewa da ita: kyauta ne, yana zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi, kuma diski jiga 20 ya ishe shi. Sai dai wanda aikinsa ya dogara da wata manhajar Windows, ya tambaya tukuna ko tana aiki a can.

Shirya kile

Ana bukatar kile mai jiga 8 ko fiye, wanda babu komai a ciki, domin shi ma za a share shi. A sauko da fayil ɗin sistam, wato ISO, daga shafin masu shi kai tsaye. Na Windows 10 ya haura jiga 5, na Mint wajen jiga 3, don haka ku yi lissafin forfe ɗinku. Wanda ake yawo da shi daga hannu zuwa hannu, ba ku san abin da aka cusa masa ba.

Kwafa ISO cikin kile kawai ba ya aiki. Sai an rubuta shi da manhaja irin Rufus. A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, wajen zaɓin GPT ko MBR, wato tsarin raba diski iri biyu da Rufus ke tambaya. Na'urorin da suka zo kafin 2012 yawanci tsohon BIOS gare su, wato ƙaramar manhajar da ke tada na'ura kafin sistam, su MBR suke so. Na bayansu suna da UEFI, wanda ya maye gurbin BIOS, su GPT. In an zaɓi wanda bai dace ba, ko na'ura ta ƙi ganin kilen, ko Windows ya ce ba zai iya sauka a wannan diski ba. Ba lalacewa ba ce, a sake rubuta kilen da ɗaya zaɓin.

Zubawa

Ku sa caja. Kwamfutar tebur kuwa, kada a fara sai da ondilar mai ajiye wuta ko sola, domin in kuran ya ɗauke ana tsakiyar aiki, daga farko za a sake. Ku cire duk wani diski na waje, har da wanda kuka ajiye kayanku.

Ku soka kilen, ku kunna, nan take ku riƙa danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo, Esc a kwamfutocin hannu na Asus. Ku zaɓi sunan kilen.

Wajen zaɓen allon rubutu, ku kalli layin haruffa na sama. In ya fara da AZERTY, na Faransa ne. In QWERTY ne, kamar yawancin waɗanda ke shigowa daga Kano ta Jibiya, ku zaɓi na Amurka. Wanda ya yi kuskure a nan zai danna A ya ga Q, lambar sirrin da ya sa kuma ta ƙi buɗewa daga baya.

A Windows na Faransanci, ku danna Installer maintenant. In an nemi lambar lasisi kuma na'urar ta taɓa ɗaukar Windows 10 na halal, ku wuce. Za ta gane kanta idan ta hau intanet, muddin kun zaɓi irin na da, Famille ko Pro. Sai ku zaɓi Personnalisé. Jerin sassan diski zai fito. Ku tsaya nan ku karanta a hankali, ku duba girman kowane sashe. In kun kwashe komai, ku danna Supprimer a kan kowane sashe na Lecteur 0 har ya zama fili ɗaya, sannan Suivant. In kuwa akwai sashen da aka ajiye kayan da ba a kwashe ba, wanda ake kira D, shi kam ku bar shi.

Na'urar za ta mutu ta tashi da kanta sau biyu ko uku. A tashin farko ku zare kilen, in ba haka ba tana iya maido ku farkon aiki. Idan kwafar ta riƙa tsayawa a wuri ɗaya, ku gwada wata kafar USB, sannan wani kilen, sannan ku zargi ram ko diski.

Bayan ta tashi

Wataƙila ku tarar babu wifi ko babu sauti. Ƙananan manhajojin da ke haɗa sistam da sassan na'ura ne suka ɓace, waɗanda ake kira pilot ko direba. Ku haɗa wayarku da igiyar USB, ku kunna raba intanet, ku bar Windows Update ya nemo su. Wanda ya rage, a ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, da lambar samfurin da ke manne a ƙarƙashinta.

Ku daidaita agogo da lokacin Nijar, awa ɗaya gaba da GMT. In kwanan wata yana komawa baya duk lokacin da aka kashe, ƙaramin batirin da ke kan babban allon ciki ne ya mutu, mai kama da kwabo, yawanci CR2032 mai volt 3. Muddin kwanan wata ba daidai ba ne, shafukan intanet za su riƙa ƙin buɗewa suna kukan tsaro.

Ga masu koyon rubutu, Windows yana da allon Hausa a sashen harsuna. Ku ƙara shi don ku sami ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Kayan da kuka ajiye kuwa, ku bar Windows Defender ya gama sabunta kansa, ku bincike kilen da shi, sannan ku maido su. Cutar da ta kashe tsohon sistam tana iya kasancewa a cikinsu.